Yadda Ake Auna Keɓantuwar Lakabin Aikin Furotin a Gene Ontology

Furotin biyu ne a gabanka, kowanne da lakabinsa daga Gene Ontology, kundin lakabobin da ake bayyana aikin furotin da su. Na farko an maƙala masa lakabin GO:0005515, wato yana ɗaurewa da wani furotin. Na biyu an maƙala masa GO:0005006, wato shi ne mai karɓar saƙon EGF (sinadarin da ke sa tantani girma) a jikin fatar tantani, wanda yake liƙa fosfet a kan tairosin, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin. A cikin fayil kowannensu layi guda ya ci, kuma idan layuka kake ƙirgawa sai ka ce an san aikinsu daidai wa daida. Amma lakabin farko dubban furotin ne ke ɗauke da shi, don haka bai ƙare ka da komai ba. Na biyu kuwa da jin sa ka san furotin EGFR ake nufi, mai lamba P00533 a UniProt, rumbun bayanan furotin.

Wannan tazarar ita ce keɓantuwa, kuma ana iya mayar da ita lamba. Kana buƙatar lambar idan kana kwatanta manhajoji biyu masu hasashen aikin furotin, ko kana son sanin ko sabon jerin ƙwayoyin gadon da ka yi wa lakabi ya samu bayani na gaske ko kuwa cikon layi ne kawai. Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, keɓantuwar lakabi tana zuwa ne daga yawan furotin da ya ware waje, kuma wannan ƙirgen ya dogara kacokan da tarin furotin da ka ƙirga a ciki.

Kafin a fara: siffar Gene Ontology

An kafa Gene Ontology, GO a taƙaice, a 1998, da haɗin gwiwar rumbunan bayanai uku: FlyBase na ƙudan 'ya'yan itace, SGD na yis, da MGD na ɓera. Yau yana da lakabobi kimanin 40,000 a rassa uku. Akwai reshen aikin ƙwayar sinadarin kanta, tushensa GO:0003674. Akwai reshen babban al'amarin halitta da furotin yake shiga, tushensa GO:0008150. Sai reshen mazauninsa a cikin tantani, tushensa GO:0005575.

Lakabobin suna da iyaye da 'ya'ya, amma ba bishiya ba ce zalla, domin lakabi guda yana iya samun iyaye biyu ko fiye. GO:0004714, alal misali, ɗan tairosin kainez ne ta wani ɓangare (kainez shi ne enzayim mai liƙa fosfet), ta ɗaya ɓangaren kuma zuriyar masu karɓar saƙo ne a fatar tantani. Rabin wahalar da za mu sha a gaba daga wannan tarin iyayen take.

Sai ƙa'idar da komai ya hau kanta: duk furotin da aka ba wani lakabi, to ya gaji dukan kakannin lakabin har zuwa tushe. Wanda aka ce tairosin kainez ne, to kainez ne, mai sauya wa rukunin sinadari wuri ne, kuma enzayim ne, ko da ba a rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mataki na 1: Ɗauko fayiloli biyu, ka rubuta kwanan watansu

Fayil na farko shi ne go-basic.obo daga shafin GO. Shi za ka ɗauka, ka bar go.obo, saboda an tace shi yadda babu zagaye a cikinsa, babu kuma alaƙar da ta tsallaka daga wani reshe zuwa wani. A go.obo akwai alaƙar has_part, wato abu yana ɗauke da wani a matsayin sashensa, wadda idan ka bi ta sama za ka ba furotin aikin da ba nasa ba.

Na biyu shi ne fayil ɗin lakabobin furotin a tsarin GAF. Na ɗan Adam sunansa goa_human.gaf.gz, daga sashen GOA na cibiyar EBI da ke Ingila. Fayil ne mai ginshiƙai 17, amma shida ne za su yi maka aiki: na 2 lambar furotin, na 4 yanayin alaƙa, na 5 lambar lakabi, na 7 lambar hujja, na 9 reshe da harafin F ko P ko C, sai na 13 nau'in halitta, inda ɗan Adam yake 9606.

A saman fayil ɗin obo akwai layin data-version, a saman GAF kuma akwai ranar da aka fitar da shi. Kwafe su ka ajiye. GO yana sauyawa a kai a kai, ana ƙara lakabi, ana haɗe wasu, ana yi wa wasu ritaya. Ka tabbata fayilolin biyu na lokaci guda ne.

Mataki na 2: Tace kafin ka ƙirga komai

Nan ne mafi yawan lissafi yake lalacewa, ba a wurin logarizim ba.

Fara da ginshiƙi na 4. Duk layin da ke da NOT ka cire shi. Ma'anarsa an bincika an ga furotin ba ya wannan aikin. Irin wannan layin ƙasa yake gangarawa zuwa 'ya'ya, ba ya hawa sama, don haka idan ka bar shi ya shiga ƙirge ka juya maganar mai bincike a baibai.

Sai ginshiƙi na 7. Lambar ND tana nufin an duba ba a samu komai ba, kuma a kan tushen reshe ake maƙala ta. Cire ta, in ba haka ba za ta kumbura maka jimilla da furotin da ba a san aikinsu ba.

Yanzu babbar shawara: IEA, a bar ta ko a cire? IEA ita ce lakabin da kwamfuta ta maƙala ba tare da wani masani ya duba wannan furotin ɗin da idonsa ba, misali ta hanyar taswirar InterPro2GO, wadda ke fassara yankin furotin zuwa lakabin GO. A cikin UniProt gaba ɗaya, ita ce mafi rinjaye nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen akwai lambobin gwaji na ɗakin bincike: EXP, IDA, IPI, IMP, IGI da IEP. A tsakani akwai na kamannin jeri irin su ISS da ISO, da IBA mai bin tarihin zuriya, da TAS wadda aka ɗauko daga maganar marubuci a takarda, da dangin HDA da HMP na gwaje-gwajen da ake yi wa dubban furotin a lokaci guda.

Shawarata ita ce ka yi lissafin sau biyu, ɗaya da lambobin gwaji kaɗai, ɗaya da komai, ka ajiye su gefe da gefe. Idan sakamakonka ya tsaya a duka biyun, ka samu abin faɗa. Idan ya juye, to juyewar ce labarin.

Abu na ƙarshe a tacewa: lakabobin da aka haɗe suna bayyana a obo a ƙarƙashin alt_id, sai ka mayar da su lambarsu ta yanzu. Waɗanda aka yi wa ritaya suna da is_obsolete, an yanke su daga iyayensu. Idan akwai replaced_by ka bi shi, idan babu ka zubar.

Mataki na 3: Hau da kowane lakabi zuwa tushe

Ga kowane furotin, ɗauki lakabobinsa ka tara dukan kakanninsu. Ka zuba su a tarin da ba ya maimaita abu, irin set a Python, domin tunda iyaye suna da yawa, za ka iya isa ga kaka guda ta hanyoyi biyar, kuma sau ɗaya ya kamata a ƙirga shi. Haka ma idan takardu goma sun ba furotin guda lakabi guda, furotin ɗaya ne. Furotin muke ƙirgawa, ba layuka ba.

Wace alaƙa za a bi? is_a (nau'in wani abu ne) da part_of (sashen wani abu ne) su ne aka saba. Alaƙar regulates ina ganin a bar ta: furotin da yake sarrafa wani al'amari ba lallai ne yana cikin masu aiwatar da shi ba. A lura, goatools, kayan aikin Python na sarrafa GO, idan ba ka ce masa komai ba is_a kaɗai yake lodawa, sai ka nemi ya ɗauko sauran alaƙoƙi. A reshen mazauni wannan yana sauya sakamako sosai, domin a can part_of ce ke riƙe da yawancin tsarin. Wanda ya fi son gina abinsa da hannu yana iya haɗa obonet da networkx. Masu R kuma suna da GOSemSim a Bioconductor.

Rassan uku ka riƙe su daban tun daga nan har ƙarshe.

Mataki na 4: Lissafa zurfi, amma kada ka tsaya a kansa

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ƙirga matakai daga tushe zuwa lakabi. Matsala ta farko, wace hanya? Akwai gajera akwai doguwa, shi ya sa goatools yake ba da lambobi biyu, level ta gajerar hanya da depth ta doguwar. Matsala ta biyu ta fi girma. Zurfin reshe yana nuna irin ƙwazon masu tsara GO a wannan fannin ne, ba lallai keɓantuwar aikin ba. Fannin da ya samu masana da yawa an yayyanka shi hawa-hawa, wani fannin kuwa a mataki na huɗu ya ƙare. Sai ka ga lakabi a mataki na huɗu furotin biyu ne kawai ke ɗauke da shi, wani a mataki na bakwai kuma ɗaruruwa.

Lissafa shi don ka samu abin dubawa da sauri, ka wuce.

Mataki na 5: Nauyin bayani, wato IC (information content)

Nan ne zuciyar aikin. Tunanin na Philip Resnik ne, a 1995, ya yi shi don auna kusancin ma'anar kalmomi a WordNet, rumbun kalmomin Turanci. Lord da abokan aikinsa ne suka kawo shi kan GO a 2003. Ga yadda yake:

p(t) = n(t) ÷ N

IC(t) = −log₂ p(t)

n(t) shi ne yawan furotin da ke ɗauke da lakabin t bayan hawan da ka yi a Mataki na 3. N kuma yawan furotin da ke da aƙalla lakabi guda a wannan reshen, wanda daidai yake da ƙirgen da ke kan tushe. Kada ka sa N ya zama dukan furotin na halittar, kada kuma ka haɗa rassa uku a N guda.

Bari mu gwada da lambobin misali. A ce N ya kai 10,000. A ce 5,000 enzayim ne, suna ƙarƙashin GO:0003824. p ya zama 0.5, IC kuma bit 1. A ce 500 furotin kainez ne, GO:0004672, p ya zama 0.05, IC 4.32. A ce 90 daga cikinsu tairosin kainez ne, GO:0004713, p ya zama 0.009, IC 6.80. Lakabin da furotin guda kaɗai ke da shi ya kai 13.29. Tushe kuwa sifili ne, tunda kowa na da shi. Lambobin 500 da 90 ba su yi nisa da gaskiya ba: ƙididdigar Manning da abokansa ta 2002 ta samu furotin kainez 518 a ɗan Adam, 90 daga ciki na tairosin.

Kowane bit guda yana nufin lakabin ya rage rabin waɗanda ake zato. Shi ya sa na fi son logarizim mai tushe 2. Wasu manhajojin suna amfani da logarizim na ɗabi'a, lambobinsu su fito ƙasa da naka da kusan kashi 31 cikin 100, don haka ka duba kafin ka kwatanta.

Abubuwa biyu za su taso. Na farko, lakabobi da yawa babu furotin ko ɗaya a kansu a tarinka, kuma logarizim na sifili ba shi da ƙima. Ko ka bar su babu lamba, ko ka ƙara 1 a kan kowane ƙirge da kuma N. Idan furotin na cikin tarin kake aunawa, ba za ka ci karo da su ba. Idan hasashen manhaja kake aunawa, tilas ka zaɓa, domin manhaja tana iya furta lakabin da ba a taɓa gani a tarin ba.

Na biyu, rufin IC shi ne log₂ N. A tarin 10,000 rufin 13.29 ne, a tarin 1,000,000 kuma 19.93. Saboda haka bit 12 a yis da bit 12 a dukan Swiss-Prot, sashen UniProt da masana ke dubawa, ba abu ɗaya ba ne. Idan za ka tsallaka daga wannan halitta zuwa waccan, ko dai ka lissafa IC a tari guda da ya haɗa su, ko ka raba kowace lamba da rufinta ta koma tsakanin 0 da 1. Hanya ta farko ta fi tsabta.

Gwada lissafinka kafin ka ci gaba. Tushe dole ya ba da sifili. Babu ɗan da IC ɗinsa zai gaza na iyayensa. Idan ka samu ko guda ɗaya, hawanka ne ya samu matsala.

Mataki na 6: IC na tsari, don a samu ido na biyu

IC na ƙirge yana da rauni: yana bin inda masu bincike suka fi zuba ƙarfinsu. Aikin da aka yi ta nazari, aka gano dukan furotin da ke yin sa, sai ya fito kamar na gama-gari. Wanda ba a kula da shi ba sai ya fito kamar na musamman, alhali ba a neme shi ba ne kawai.

Seco da abokansa sun kawo wata hanya a 2004 wadda ba ta duba furotin ko kaɗan, tsarin kawai take dubawa:

IC(t) = 1 − log(d + 1) ÷ log(M)

d shi ne yawan zuriyar lakabin, 'ya'ya da jikoki duka, M kuma yawan lakabobin reshen. Lakabin da ba shi da ɗa yana samun 1. Nata raunin ke nan kuma, domin duk marasa 'ya'ya kansu ɗaya a wurinta, da mai furotin guda da mai ɗari uku. Amfaninta a wurina shi ne kwatanci: zana IC na ƙirge a gefe guda, na tsari a ɗaya gefen, ka duba lakabobin da suka yi nisa da layi. A nan za ka ga inda karkatar bincike ta ɓuya.

Mataki na 7: Daga lakabi zuwa furotin

Ya zuwa yanzu lakabi muke aunawa. Furotin kuwa yana da lakabobi da yawa, to yaya za a haɗa su?

Kada ka ɗauki matsakaicin dukan tarin da ka hau da shi. Kakanni masu ƙaramin IC za su ja lambar ƙasa, har furotin da aka fi sani ya fito baya saboda kakanninsa sun fi yawa. Kada kuma ka tara IC na dukansu, domin bayanin da ke cikin uwa yana nan cikin ɗa, ka ƙirga shi sau biyu ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar IC mafi girma, wadda ke amsa tambayar iyakar inda aka kai a sanin furotin. Wata hanyar, ka cire duk lakabin da yake kakan wani lakabin na furotin ɗin, ka bar na ƙarshe-ƙarshe, sannan ka ɗauki matsakaicinsu. Wannan tacewar tana da muhimmanci, don sau da yawa fayil yana ɗauke da uwa da ɗa duka a kan furotin guda, kowanne daga takardarsa.

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce ta Clark da Radivojac, ta 2013, wadda ake kira information accretion, wato ƙarin bayani, ake taƙaitawa IA. Maimakon a tambayi yawan lakabi a cikin kowa, sai a tambayi abin da ya ƙara a kan iyayensa:

IA(t) = −log₂ [ n(t) ÷ yawan furotin da ke ɗauke da dukan iyayen t ]

Mu koma misalinmu, mu ɗauka kamar zuriyar miƙaƙƙiya ce mai hawa uku, ko da yake a GO na gaske akwai hawa a tsakani. Enzayim, 5,000 cikin 10,000, bit 1. Kainez, 500 cikin 5,000, bit 3.32. Tairosin kainez, 90 cikin 500, bit 2.47. Ka tara su, ka samu kusan 6.80, daidai da IC na lakabin ƙarshe. Kyawun IA ke nan, ana tara shi ba tare da maimaici ba. Jimillar IA na dukan lakabobin furotin bayan hawa ita ce yawan bayanin da aka sani game da shi a wannan reshen.

Inda ake tuntuɓe shi ne lakabi mai iyaye biyu. Abin da ke ƙasan rabon shi ne furotin da suka haɗa iyayen duka a lokaci guda, wato mahaɗar tarinsu, ba jimillarsu ba. Idan kowane furotin da ya haɗa iyayen yana da ɗan ma, IA ya zama sifili. Ba kuskure ba ne, lakabin bai ƙara komai a kan iyayensa ba ne.

Gasar CAFA, wadda aka fara a 2010 don gwada manhajojin hasashen aikin furotin, da IA take auna nauyin lakabi a ma'auninta na Smin, mai auna tazarar hasashe daga gaskiya, kuma zagaye na biyar da aka yi a dandalin gasa na Kaggle a 2023 ya yi amfani da shi wajen ba da maki. Dalilin a fili yake: idan lakabobi duka nauyinsu ɗaya, manhajar da ke ce wa kowane furotin yana ɗaurewa da wani abu za ta kwashi maki ba ta san komai ba.

Mataki na 8: Karanta sakamakon da hattara

Zana yadda lambobin suka bazu, kada ka wadatu da matsakaici guda. A reshen aikin ƙwayar sinadari na ɗan Adam, da lambobin gwaji, za ka ga tudu a ƙasa, kuma GO:0005515 ne ya tara shi, galibi da hujjar IPI daga manyan gwaje-gwajen gano wane furotin ke taɓa wane. Schnoes da abokansa sun nuna a 2013 cewa takardu ƙalilan na irin waɗannan gwaje-gwajen ne suka samar da babban kaso na lakabobin gwaji, kuma lakabobin nasu marasa zurfi ne. Shi ya sa masu kimantawa da yawa suke cire furotin da wannan ne kaɗai lakabinsa. Yi lissafi da su, ka sake yi babu su.

Sai abin da lambar ba za ta taɓa gaya maka ba: keɓantuwa daban, gaskiya daban. Lakabi yana iya kai bit 13 kuma ƙarya ne. Wani binciken Schnoes na 2009, a kan manyan dangogin enzayim, ya samu kuskuren lakabi mai yawa a rumbunan da kwamfuta ke cikawa, kaɗan kuma a Swiss-Prot da masana ke dubawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wuce gona da iri, a ga furotin ya yi kama da wani dangi sai a ba shi takamaiman aikin ɗaya daga cikin 'yan dangin. Irin wannan kuskuren ɗaga IC yake yi. Don haka idan manhaja ta biyu ta fi ta farko keɓantuwa, kafin ka yaba mata ka gwada hasashenta da lakabobin gwaji da ba ta gani ba lokacin horo, ka ga kashi nawa ta dace.

Ga masu aiki da enzayim, duk abin da aka faɗa yana hawa kan lambobin EC ma, waɗanda ake rarraba enzayim da su bisa aikinsu. Lambar gida huɗu ce, misali 2.7.1.1 ta heksokainez, kuma 2.7.1.- tana nufin an tsaya a gida na uku. A nan kowane gida uwa ɗaya gare shi, don haka ƙirga gidajen da aka cika ya fi ma'ana fiye da zurfin GO. Duk da haka 2.7.11.1 cikakkiya ce mai gida huɗu, alhali tarin kainez na serin da tireyonin ne ke ƙarƙashinta, yayin da 3.4.21.4 tiripsin kaɗai take nufi. Nan ma sai an ƙirga.

Idan ka zo rubuta sakamako, sa waɗannan a sashen hanyoyin aiki: kwanan watan obo da na GAF, halittun da ke cikin tarin, lambobin hujja da ka bari, alaƙoƙin da ka bi wajen hawa, tushen logarizim, abin da ka yi da lakabi mai ƙirgen sifili, da ƙimar N ta kowane reshe. Teburin IC da IA na kowane lakabi kuma ka ajiye shi a fayil tare da ainihin obo da GAF da ka yi aiki da su, domin adireshin saukarwa na yau da kullum sabon fitowa yake nunawa, tsofaffin kuma sai an bi su rumbun ajiya na release.geneontology.org, inda aka jera su bisa kwanan wata.